A Gindin Kurna Mai Lamba

Malama Sa'a, ke da kike matar ƙanena kin san ni, ki rubuta yadda na faɗa. In kin ji na tsaya ina kuka ki jira ni, don tun rasuwar Malam hawaye ba ya neman iznina.

Ban daɗe da fita takaba ba na sauka a filin jirgin Sarki Khalid da ke Riyad. Jegon 'yata ta fari ya kai ni. Sunanta ba ya fita daga bakina, sai dai in ce Lami, don ranar Alhamis na haife ta. Sau biyu tana ɗaukar ciki a ƙasar yana lalacewa bayan ya yi ƙwari, wannan ne na uku. A filin jirgin aka ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi, injin ya ƙi karɓa. Surfe da wanki sun cinye zanen hannuna. Na ɗora, na sake ɗorawa, mutanen da ke bayana suna tsaki. Na ce shi ke nan, daga nan za a mayar da ni. Sai wata Balarabiya mai kaki ta buɗe jakarta, ta ɗauko man shafawarta, ta murza mini a yatsu da hannunta, ta danna su a gilashin. Ya karɓa. Ban iya yi mata godiya da yarenta ba, na riƙe hannunta ina hawaye.

A waje surukina yana jira. Dakta ake ce masa. Yana ganina ya durƙusa a tsakiyar jama'a, Larabawa suna kewaye shi da akwatunansu. Ya ce, “Inna, sannu da hanya. Ya ƙarin haƙuri?” Na kau da kai, na ja mayafi, na amsa can ƙasa. Haka muke tun da ya auri Lami. Ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa cin abinci yana wurin ba. Duk maganar da ta kama a yi da shi, Malam ne ke yi.

Gidansu a unguwar Shumaisi yake, can saman bene, ɗakuna biyu da falo. Babu tsakar gida. Na yi kwana da kwanaki ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, sai kafet da sanyin inji. Ina zama bakin taga ina kallon kawunan motoci, in tuna Malam, in yi kuka, in share fuska kafin Lami ta fito.

Wata rana na tambaye ta, “Wai shi mai gidan naki wane irin dakta ne da ba ya duba marar lafiya?”

Ta ce, “Itatuwa yake aunawa, Inna. In aka ƙona itace me ke saura?”

“Gawayi.”

“To gawayin nan tun itacen yana da rai yake jikinsa. Daga iska yake zuƙo shi, daga hayaƙin motocin nan da ke ƙara wa duniya zafi, ya ajiye a gangar jikinsa da saiwarsa da ƙasar gindinsa. Kabon suke ce masa. An dasa lambunan kayan marmari a cikin gari, shi kuma an ɗauke shi ya gano nawa suke ajiyewa.”

Na ce, “Wato duk karatun nan da ya yi, awon gawayi ya zo yi Saudiyya?”

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. “Inna, kada ki bari ya ji.”

“Ina zai ji, ni da ba na magana da shi?”

Ita ce ta sa ya kai ni lambun, da ta ga ina ramewa. Yana kusa da kasuwar Utaiƙa, a gefen wani kwari, katangarsa koriya. Da na shiga sai da na cire takalmi. Ga dabino, ga ɓaure, ga lemun tsami da rumman, ga zogale ya fi ni tsawo, ga kurna kamar ta gefen rijiyarmu. Siraran bututu baƙaƙe sun bi gindin kowace, suna ɗiga ruwa. Na ga Dakta daga nesa yana zagaya igiyar awo a jikin itace daidai ƙirjinsa, wani yana rubutawa, wasu suna dunƙuma bututun ƙarfe cikin ƙasa su zaro shi da ƙasar a ciki su zuba a leda.

Mai tsaron ƙofa wani dattijo ne ɗan Sudan, Usman. Kakarsa Bahausa ce da ta taso aikin hajji a ƙafa ta tsaya a ƙasarsu, shi ya sa yake da ɗan guntun Hausa a bakinsa. Ya nuna mini zogalen bakin katanga ya ce, “Hajja, wannan ci.” Sannan ya kai ni wurin waɗanda aka rataya wa lambar ƙarfe a wuya, ya girgiza yatsa. “Wannan mamnu. Babu taɓa. Ganye ma babu.” Na riƙe maganar nan da kyau. Daga ranar Dakta kan sauke ni can da safe, in zauna a inuwa, in tsinko zogale in kai wa Lami kwaɗo.

Naƙuda ta zo tun ciki yana wata bakwai. Aka yi wa Lami aiki, aka ciro mace, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ban ji kukanta ba. Aka sa ta a kwalba da robobi a hanci, aka ce ta bayan gilashi kaɗai za a gan ta.

Ni kuwa hankalina ya tafi kan mabiyiya. Na san malamai sun ce rai da ajali na Allah ne, ni ma a kan haka nake. Amma uwata ta binne tawa a bayan ɗaki, ni ma na sa an binne ta Lami da ta ƙannenta, a wanke tas, cibiya tana kallon sama, a inda ruwan wanka zai riƙa bi ta kai. A wurinmu in aka yar da ita, ko aka tone ta, yaro ba ya zama. Biyun da Lami ta rasa a ƙasar nan, babu wanda ya san inda aka kai tasu.

Akwai wata nas 'yar Zariya a asibitin, Binta. Na tare ta a bakin ƙofa na durƙusa mata. Ta ce, “Subhanallahi, Baba, tashi, kin haife ni.” Ta shiga ta fita, ta sa Lami ta sa hannu a takarda tana cikin magagin allura, ta fito mini da mabiyiyar a ƙaramar kula da ƙanƙara. Ta ce, “Maƙabarta ake kaiwa, Baba, kuma namiji ne zai kai. Ki ba Dakta.”

Na ce to. Amma ki duba mini, Malama. In ɗauki abin da ya fito daga cikin 'yata in miƙa wa surukina, in buɗe baki in gaya masa wane gefe ake kifawa? Da Malam yana da rai, da sai in raɗa masa, shi ya san yadda zai ɓullo. Na hango Dakta a kan benci ya dafe kai, na bi ta wata ƙofar.

A bakin titi wani mutum ya ji ina salati da Hausa. Ya matso. “Baba, daga wane gari? Malumfashi? Ai nan kakannina suke!” Ya ce sunansa Alhaji Tanimu, yana da mota, ya san filin da 'yan ƙasarmu ke binne irin wannan, ƙasa mai laushi, babu mai tambaya. Ba ni da kuɗin ƙasar, na cire 'yan kunnen da Malam ya saya mini na ba shi. Ya yi ta yawo da ni, ya tsaya a wani fili mai kwalta bayan kasuwar dabino ta Utaiƙa, ya ce in sauka in jira ya ɗauko fartanya. Ina nan tsaye har inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafata, bai dawo ba. Na girgiza kular, na ji ruwa. Ƙanƙara ta narke.

Na zauna a gefen titi na yi kuka da murya, kamar ranar da aka fita da gawar Malam. Wani mai sayar da lemo, ban san ɗan wace ƙasa ba ne, ya ƙetaro ya dube ni, ya dubi kular, ya koma ya ciko leda da ƙanƙara ya miƙo mini da ruwan sha. Bai tambaye ni komai ba. Da na ɗaga kai ina sha, sai na hango kawunan dabino da koriyar katanga.

Na isa lambun ana kiran azahar, Usman ya tafi masallaci ya bar ƙaramar ƙofa a saye. Na wanke mabiyiyar a famfo, na naɗe ta da farin ƙyalle. Na tsaya ina duban inda zan sa ta. Gindin zogalen bakin katanga kowa yana takawa, kowa yana tono. Sai na tuna maganar Usman. Na ce mai lamba ita ce gwamnati ta hana a taɓa, ko ganyenta ba a tsinka, ina wurin da ya fi nan tsaro a duk garin? Na zaɓi kurna mai lamba, na haƙa da ɗan cebur har gwiwar hannu, daidai inda bututu ke ɗiga ruwa, na sa ta cibiya sama, na yi bismilla na rufe. Ranar na ci abinci.

Makonni suka shuɗe. Aka raɗa wa jaririya suna babu taro, Dakta ya sa mata Khadija. Lami ta dawo gida, ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ni kuwa kullum ina tsakanin gilashin asibiti da gindin kurna. Yarinya ta ɗan ƙaru, ta ɗan ragu. Wata rana a ce ta yi numfashi da kanta, washegari a mayar mata da roba.

Ran nan na shiga lambu da safe na tarar an zagaye kurnata da jan fenti, an kafa igiya kewaye da ita. Na kira Usman na nuna masa. Ya yi murmushi, ya sa hannu kamar mai yanka da zarto, ya sunkuya kamar mai tono, ya ɗaga hannu biyu kamar mai awo da sikeli. “Gobe, Hajja. Itace duka. Saiwa duka. Ƙasa duka.”

Na koma asibiti, na tarar an ƙara wa Khadija wata roba a hannu, ciwo ya shiga jininta. Na sami Binta na gaya mata komai. Ta dafe ƙirji.

“Baba, a lambun hukuma? In ma'aikata suka tono abu irin wannan, 'yan sanda za a kira, kuma sunan Dakta ne a kan aikin.”

“In je in tone da kaina?”

“Kin ce sun riga sun kafa igiya, wa zai bar ki? Ki gaya wa Dakta.”

“Ke ki gaya masa, 'yata.”

“Ni ban san itacen ba, Baba, kuma ba ni da hurumin shiga tsakaninku. Ki gaya wa Lami.”

Na je kan Lami, na tarar jikinta kamar garwashi, tana kiran sunan ubanta. Na jiƙa tsumma na goge mata goshi, na haɗiye maganata. Da yamma Dakta ya shigo, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni. Na buɗe baki zan gaya masa. Abin da ya fito shi ne, “Lafiya lau.”

Washegari ya sauke ni a lambu kamar kullum. Na wuce kai tsaye na tsallake igiyarsu, na zauna a kan wurin, na jingina da kurna. Ma'aikata suka iso da zarto mai inji da diga da wani babban sikeli mai ƙugiya. Usman ya rugo. “Hajja, mamnu! Tashi, tashi, don Allah.” Na rufe fuska. Na ji mudir, wato shugabansu, yana magana da Larabci cikin faɗa. Sai na ji taku, na ga takalman Dakta. Ya cire su, ya durƙusa nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai.

“Inna, ko jikin ne? A kai ki gida?”

Na juya na fuskanci kututturen kurna. Da ita na yi maganar. Na ce, “Mabiyiyar yarinyar tana ƙarƙashina.”



Ya ce, “Inna, da an sanar da ni.”

“Da wane bakin?”

“Me ya sa sai wannan?”

“An ce mini masu lamba ba a taɓa su.”

Na ji ya ja numfashi. Ya ce, “Gaskiya aka faɗa. Ana hana taɓa su ne don awo ya tafi daidai. Amma igiyar awo ƙiyasi kawai take bayarwa. Sai an sare kaɗan daga cikinsu, an auna nauyin ganye da reshe da saiwa, an busar an sake aunawa, sannan a san ko ƙiyasin gaskiya ne. Ƙuri'a aka yi, ta faɗa kan wannan.”

Na ce wa kurna, “Ga wata can, kamarsu ɗaya. A sare waccan.”

“Lambar wannan tana hannun mudir, ga shi can tsaye. In na canja sai na faɗi dalili. In na yi ƙarya, aikin da muka yi tun bara ya zama abin zargi.” Ya ƙara da cewa, “Inna, kwantiragina a kan aikin nan yake rataye. Iƙamarmu, takardar izinin zamanmu a ƙasar nan, a kan kwantiragin take. Kwalbar da Khadija ke ciki, inshorar aikin ce ke biya. In suka sallame ni, ban san inda zan kai ta ba. Ba ta iya shiga jirgi.”

Ban taɓa jin namiji ya yi kuka a gaban surukarsa ba sai ranar. Bai ce in tashi ba. Ya ce, “Duk abin da aka ce in yi, zan yi.”

Malama, tsaya in sha ruwa.

Na zauna ina jin sanyin ƙasar nan a jikina. In na tashi, an tone abin da uwata ta ce ba a tonewa. In na zauna, za a zare wa yarinya roba. Na kira Malam a zuciyata, babu amsa. Na tuna ƙirjin Khadija yadda yake ɗagawa yana sauka kamar na ɗan tsako. Robar nan na gan ta da idona tana ba ta iska. Na ce Ya Allah, kai ka san abin da na nufa. Na dafa kurna na miƙe, na nuna wurin da ƙafata.

Ya je ya yi wa mudir magana, ya ce ƙasar wannan gefen shi zai ɗiba da kansa. Ya naɗe hannun riga, ya ƙi ɗaukar diga, ya yi ta yaƙuta da ɗan cebur da yatsu. Ya kai ga ƙyallen. Ya koma ruwan ƙasa, ya shanye, bai fi dunƙulen hannu ba, siraran saiwoyi kamar gashi sun huda shi ta ko'ina. Ya yanke su ta gefe, ya ɗago shi da ƙasarsa cikin roba, ya kai bayan ɗakin Usman. Na bi shi.

Ya ce, “Saiwar tasu ce, Inna, dole ta hau sikeli. Sauran namu ne.”

Muka zauna muna zare saiwa ɗaya bayan ɗaya, hannuna da na surukina a roba guda. Idona ba ya gani sosai, shi yake nuna mini. A bayanmu zarto ya tashi. Na ji kurna ta yi ƙara ta faɗi, ban waiwaya ba. Da na fito na ga sun daddatsa ta, suna rataya ta a ƙugiya gunduwa-gunduwa, wani yana kiran nauyi wani yana rubutawa. Na ce a raina, abin da ta sha na jikata ma ya shiga lissafinsu.

Bayan la'asar ya kai mu maƙabarta. Ni a mota na tsaya, mata ba sa shiga. Na naɗe ta da sabon ƙyalle, na jujjuya ina neman gefen cibiya, na kasa ganewa. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe a ciki. Ya fito gwiwoyin wandonsa duk ƙura.

Na ce, ina kallon taga, “An sa ta daidai?”

Ya ce, “Yadda aka miƙo mini, haka na kwantar da ita, Inna. Ban juya ba.”

Bizata ta ƙare Khadija tana kwalba. An nemi ƙari ba a samu ba. Ranar da zan taho suka kai ni bakin gilashin, na ɗora tafin hannuna a kai, tana barci. Ban taɓa ɗaukarta ba, ban san nauyinta a hannu ba, ban yi mata wanka ko sau ɗaya ba, ni da na je jego.

Yanzu kullum bayan sallar asuba wayar nan tana cinyata. Lami ta tashi, tana takawa. Amma shi ne yake kira, ya gaishe ni, ya gaya mini abin da sikelin asibiti ya nuna. Ranar da ya ce ta ragu, sai in ce laifina ne, ni na tashi daga gindin kurna. Ranar da ya ce ta ƙaru, sai in yi shiru, ina tsoron murna. Shekaranjiya ya ce ciwon jinin ya sake ta, an cire robar hanci, ta kama nono da bakinta, amma likitoci sun ce kada a saki jiki tukuna. Na ce masa, “Allah ya yi maka albarka, ɗana.”

Ki rubuta a ƙasa, duk wanda ya karanta ya sa Khadija a addu'a. Ina so in goya ta kafin in bi Malam.